Malafar Kawu Barmo

Ranar Lahadi ce a tsakiyar bazara, irin ranar da tun kafin hantsi bango ke ƙona bayan wanda ya jingina. Babu iskar da za ta kaɗa ko ganyen dogonyaro. Can ta wajen Rabah akwai wani ɗan farin gajimare da ya yi kwanaki yana leƙowa yana komawa, har mutanen Wurno suka gaji da ɗaga kai su dube shi.

Da sassafe Mu'azu ya hau kan soronsa ya baje irin albasa a tabarmi. Baƙi ne wuluk, ƙanana, ba nauyi, in ka yi atishawa kusa da shi ma ka yi asara. Ya riga ya sussuke ya sheƙe, rana guda kawai yake so ya ƙara sha kafin a ɗure shi. Wannan iri shi ne gadon da mahaifinsa, Malam Mainasara, ya bari. Daga Rara har Taloka manoma sun san shi: jar albasa mai siririn wuya, wadda ke daɗewa a rudu, rumbun ajiyar albasa, ba ta ruɓe ba. Da ya sauko sai ya ɗauke tsanin ya kulle a shago saboda yara masu hawa soro bin tantabaru, ya jefa makullin a aljihu.

"Kai."

Inna Sabuwa ce, mahaifiyarsa, daga ƙofar ɗakinta. Mu'azu ɗan fari ne, don haka tunda ya zo duniya bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Kai ne, ko wancan, ko mijin Rahama. Ba ta yaba masa a gaban mutane, ba ta dubansa ido cikin ido. Haka aka saba, shi ma ya sani, kuma da bai dame shi ba.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta turo masa wani ƙunshi. Tun kafin ya kwance ya ji ƙamshin adaka, ya ga shuɗin gefen rigar.

"An ce su Zayyanu na Goronyo yau, suna ɗaukar wasa bakin dam. Ka kai mai wagga."

"Inna, rigab Baba ta."

"Ni za ka gaya ma ko ta wa ta? Wa ka wanke ta shekara da shekaru? Ba ka ga Juma'ad da ta wuce ba, tashi ta yage ga kahwaɗa? Mutum awa Barmo bai kamata shi hita da tsumma ba."

"Inna, babu wani Barmo. Zayyanu na, ɗan Uwaliya mai ƙosai, da gemun auduga."

"Zayyanu yaron kirki," in ji ta, tana gyara zama. "Allah shi yi ma Zayyanu albarka."

Sunan ya fito mata a sauƙaƙe, kamar tana shan ruwa.

Duk wanda ke da talabijin a ƙasar nan ya san Kawu Barmo na shirin Tudu da Fadama. Yaran da aka haifa shekarar da aka fara shirin yanzu suna sakandare. Tsohon manomin albasa ne mai ɗingishi, mai malafa da jar fata a baki, wanda ba ya magana sai ya ɗauki albasa ya shinshina wuyanta. In aka kawo masa rigima, ta gona ce ko ta aure, amsarsa guda ce: "A bari ta sha iska." An cuce shi a shirin, an sace masa jaki, an ɗaure shi bisa kuskure, ya yi takarar kansila ya sami ƙuri'ar kansa kaɗai. Lokacin da ya kwanta asibiti, tsofaffin mata a Rara har waina suka yi sadaka don ya tashi. Masu saƙar malafa a Achida ba su da ta sayarwa sai mai jan baki, kuma sunanta Barmo. Bayan motocin albasa da ke zuwa kudu, rabinsu an rubuta musu maganarsa da fenti.

Abin da ƙasar ba ta sani ba shi ne, ɗingishin na Malam Mainasara ne, wanda ya samo ranar da injin ban ruwa ya faɗo masa a ƙafa. Shinshinar tasa ce. Maganar tasa ce, da ita yake hana a zuba sabuwar albasa a rudu da ɗanyen wuya, da ita kuma yake raba faɗa. Wanda ya fara kwaikwayonsa kuwa Mu'azu ne, a wani tashen azumi suna samari. Zayyanu gwangwani kawai yake kaɗawa a baya. Da labari ya kai kunnen Malam Mainasara ya sa aka yi masa wasan a ƙofar gida, ya yi dariya har da hawaye, ya cire malafar kansa ya ɗora wa ɗansa.

Bayan rasuwarsa Zayyanu ya zo ya ari malafar, wai za a gwada 'yan wasa a Sakkwato, mako guda zai maido. Makon nan bai ƙare ba har yau.

Tun daga lokacin, kowace Juma'a da la'asar Inna kan yi wanka, ta shafa turare, ta sa a juyo mata talabijin ɗin da Mu'azu ya saya ya haɗa wa sola. Barmo na fitowa sai ta rufe baki da gefen mayafi kamar amarya. Tana ba shi amsa, tana yi masa faɗa in ya yarda da maƙaryaci. Mu'azu yakan zauna a bakin ƙofa yana kallonta, ita tana kallon akwatin. Shi ya gaji gonar, shi ya riƙe irin bai bari ya gauraya ba, shi ke kai ta asibiti. Da shekaru suka fara hawa kansa, tafiyarsa ma ta koma ta uban ba tare da ya nufa ba. Ran nan a kasuwar Achida wani ɗan kabu-kabu ya bi shi da kallo ya ce, "Malam, bar wahal da kanka, Barmo guda na. Ba ka iya ba." Aka yi ta dariya. Bai gaya wa kowa ba, amma maganar ta zauna masa a wuya kamar ƙayar kifi.

Ya ɗaure ƙunshin a bayan babur. Rahama, matarsa, ta fito tana dafe da ƙugu, cikinta ya tsufa.

"Baban Aziza, shanyag ga hwa? Ni iskan yau bai yi man ba."

"Wane iska? Ko kaza ba ta ga iska ba yau. Ruwa da saura."

"To ka bar makullin shago."

"In bari ki hau tsani da wanga ciki? Ko Inna za ta hau? Kahin azahar ina gida."

Ta dube shi, ta dubi ƙunshin. "Kai rigar za ka yi, ko wani abu?"

Ya tayar da babur. Tun a zaure ya riga ya yanke: rigar ba za ta bar hannunsa ba, kuma yau malafar za ta kwana a Wurno. Zai sa ta, ya shiga gida da ita, ya tsaya a gaban Inna. Daga nan ta faɗi wa ya fi kama da mai ita.

A Goronyo kasuwa na ci, amma rabin mutanenta sun kwarara bakin dam. An ja igiya an kewaye wata gonar da aka cire albasa, da wani tsohon rudu a gefe. Mata da goyo, 'yan kabu-kabu a tsaye kan baburansu, masu rake da masu ruwan sanyi. Wata tsohuwa ta zo da zakara a hammata, ta rantse sai ta ba Kawu hannu da hannu saboda jinyar da ya yi.

Zayyanu na zaune a inuwar mota ana manna masa gemu. Ya yi ƙiba, wuyansa ya yi taushi irin na mai kwana a fanka. Yana hango Mu'azu ya miƙe da rabin gemu yana lilo.

"Kai! Sarkin iri! Ku buɗe mai igiya, wanga ubangidana na. Ƙato, har yanzu ba ka aje wanga tsohon babur ba? Ina Inna? Ina Rahama, ta sauka?"

"Suna lahiya."

"Mi ag ga ƙunshi? In dakuwar Inna ta, miƙo tun waɗanga mayunwata ba su gani ba."

"Ba naka na ba." Mu'azu ya gyara tsayuwa. "Malahwa niz zaka amsa."

Zayyanu ya yi dariya, ya ga shi kaɗai ke yi, ya bari. Malafar na kan kujera cikin wani akwatin kwali da aka yi mata musamman. An bi kabar da zare inda ta karye, an shafa wa fatar mai tana ƙyalli. Ko a hannun mai ita ba ta taɓa samun wannan gata ba, kuma wannan ma ya ƙara wa Mu'azu haushi.

"Yau?" in ji Zayyanu a hankali. "Tsakiyar aiki?"

"Mako guda kac ce."

"Na ce. Ban musa ba. To bari mu gama wagga hitowa, mu zauna, mu ci abinci, mu yi magana awa mutane." Ya ɗaga kai ya dubi kudu, ya ɗan runtse ido. "Amma tsaya. Wancan hadari daga Rabah yat taso, Wurno za shi. Ba lokacin shanyar iri na ba yanzu? Ba ka bar komi bisa soro ba?"

"Kai ka sanin lokacin iri yanzu?"

"Ni dai na gaya ma."

Mu'azu ya waiga. Farin gajimaren nan ya yi duhu daga ƙasa, ya yi faɗi. In ya hau babur yanzu zai riga shi. Ya san haka sarai, kamar yadda ya san sunansa. Sai aka kira Kawu, Zayyanu ya ɗora malafar, taron ya ɗauki sowa, Mu'azu kuma ya ji ƙafarsa ta ƙi tafiya.

A fitowar, Barmo zai gaya wa wani maƙwabci ne cewa albasarsa ta ruɓe a rudu. Zayyanu ya tako da ɗingishi, kafaɗar hagu a ƙasa. Ya tsuguna, ya ɗauki albasa, ya shinshina wuyanta. Duk wannan Mu'azu ya sani, shi ya koya masa. Amma kafin ya buɗe baki sai Zayyanu ya kai hannu ya ja leɓatun kunnensa, ya dubi ƙasa, ya yi ɗan murmushin ban haƙuri.

Mu'azu ya ƙura masa ido. Haka Baba ke yi in zai faɗi mummunan labari. Haka ya yi ranar da ya gaya masa ba zai koma makaranta ba, gona na bukatar hannu. Mu'azu ya manta da wannan ɗabi'a ƙaf, shekara da shekaru ba ta faɗo masa a rai ba. Ga ta nan a jikin ɗan mai ƙosai, wanda ke tsaye a gefe da gwangwani yana kallo lokacin da shi Mu'azu yake ganin uban nasa ne, ba sai ya kalla ba. Ashe abin da Inna ke gani ke nan kowace Juma'a. Ashe ba ruɗewar tsufa ba ce.

Wayarsa ta yi ta ruri a aljihu, kusa da makullin. Ya san Rahama ce. Bai ciro ba.

Mai ba da umarni ya ce a sake. Aka sake. Zayyanu ya sake jan kunne. Wata mata kusa da Mu'azu ta share hawaye ta ce, "Wallahi awa ubana." Wani ya ce, "Uban kowa na."

Mu'azu bai san lokacin da ya tsallake igiyar ba. Ya ratsa ta gaban kamara, da tafiyar nan tasa da ba ya iya canzawa, ya kai hannu ya fizge malafar.

"Ubana na! Ni kaɗai! Wagga malahwar Malam Mainasara ta, na Wurno, ku tambaya!"

Wuri ya yamutse. Samari suka yo kansa, wani ya cire takalmi, tsohuwar mai zakara tana kururuwa a kama ɓarawo. Zayyanu ya sha gabansa ya buɗe hannuwa. Kansa ba malafa, baƙin gashi a sama, farin gemu a ƙasa. Ya karkace kafaɗa, ya sauke murya irin ta tsohon, ya ce:

"A bari ta sha iska."

Taron ya fashe da dariya da tafi. Wanda ya cire takalmi ya mayar. Mai kamara ko motsi bai yi ba, yana ta ɗauka.

Zayyanu ya ja shi bayan rudun. Da ya yi magana, da muryarsa ta ainihi ya yi, ta unguwarsu.

"Kai anka hwara kira Sakkwato, Mu'azu, ko ka mance? Ni rakiya za ni yi. Kac ce iri ba ya barin mutum tahiya. Ni ban da gona, ban da iri, sai abin da nig gani ga tsohon ga. Shi ma ya ciyad da ni, ka sani." Ya ɓamɓare gemun da ya saki ya riƙe a hannu. "Tahi da ita. Taka ta. Amma don Allah ka yi sauri."

Mu'azu ya juya. Ya ɗora malafar a ka, ya ɗaure igiyar a haɓa, ya hau babur.

Bai yi nisa ba iskar ta tare shi. Irin iskar farkon ruwa ce, mai tafe da yayi da ledoji da ƙamshin ƙasa, tana tura babur gefen hanya. Ya kwanta a kan tanki ya murɗa. Malafar ta cika da iska tana neman tsinke masa wuya, ya dafe ta da hannu guda, ya ji kaba na karyewa a ƙarƙashin yatsunsa ɓas-ɓas. Sannan ruwan ya sauko gaba ɗaya. Tsohuwar kabar da ta yi shekaru tana kwana a kwali ta sha ruwa ta saki. Zaren ɗinkin ya rabu da ita. Kafin ya ga gidajen Wurno, abin da ke kansa jar fata ce zagaye da wasu 'yan zaruruwa, ruwa na bi ta tsakiya yana shiga masa ido.

Tun daga bakin lungu ya hango indararon soronsa. Ruwan da ke zubowa baƙi ne. Yana faɗowa ƙasa ya bi kwata, ya ratsa ƙarƙashin baburinsa, ya wuce gangare. Tabarma guda na rataye a kan dogonyaron maƙwabta. Rahama na tsaye a ƙarƙashin indararon da rariya a hannu, jiƙe sharkaf da cikinta, tana tare abin da za ta iya. Ƙofar shago duk sawun taɓarya ne inda ta yi ta dukan kwaɗon. Maƙwabta sun kawo wani tsani, amma sai bayan iska ta gama aikinta.

Ta miƙa masa rariyar ta shige ɗaki.

Inna na zaune a ƙofarta. Ya tsaya a gabanta kamar yadda ya tsara tun safe, ruwa na ɗiga daga abin da ya rage a kansa. Ta dubi ƙunshin da ya dawo da shi. Shuɗin rigar ya zuba ya rine ƙyallen. Ta miƙa hannu, ya sunkuya, ta zare jar fatar daga kansa ta ɗora a cinya tana shafawa da babban yatsa. Sannan ta ɗago ta dube shi, ido cikin ido.

"Mu'azu," ta ce. "Mi kay yi?"

Duk tsawon rayuwarsa yana jiran ya ji yadda sunan zai fito daga wannan baki. Ya fito daidai, ba gargada, kamar ta daɗe tana faɗinsa a ciki. Ya tsuguna a cikin ruwan.

Bayan 'yan makonni aka nuna fitowar. Ba su yanke komai ba sai sunan Malam Mainasara, wanda suka rufe da kiɗa. A labarin, wani taɓaɓɓe ne mai ganin shi ɗan Barmo ne ya ƙwace masa malafa a gona. Mutane suka ce ba a taɓa yin fitowa mai daɗinta ba, musamman yadda taɓaɓɓen ya ƙoƙarta kwaikwayon ɗingishin. Juma'ar da ta biyo baya, Barmo ya fito da sabuwar malafa 'yar Achida, jan bakinta na walƙiya. Inna ta yi wanka ta shafa turare kamar kullum. Ta kalle shi ya tako, ya tsuguna, ya shinshina albasa. Ta daɗe tana kallo.

"Wanga Zayyanu na," ta ce. "Ku kashe, ku ba batir hutu."

Ba ta sake cewa a juyo mata akwatin ba. A bakin kwata kuwa, daga ƙofar gidan har gangare, siraran ganyen albasa suka fito kore shar, awaki suka bi suka cinye.

Abin da aka rasa ranar nan: irin albasa tiya tara, in ban da cikin tafi biyu da Rahama ta tare a rariya, rabinsa ma ya tsiro a jiƙe. Tabarmi uku. Kwaɗo guda da ƙofar shago. Rigar shuɗi da ta yi dabbare-dabbare. Malafa guda. Aboki guda, wanda har yau in an yi salla yakan aiko wa Inna da atamfa, amma ba ya shigowa lungun. Da la'asar ɗin Juma'a ta tsohuwa guda.